Facin Da Ya Gagare Ni

Shekara ashirin da uku ina faci a Ƙofar Ƙaura,
ƙarƙashin dalbejiyar da ta san ni tun ban yi furfura ba.
Kunnena kan ji kukan taya kafin mai ita ya yi sallama.
In tsoma tiyub cikin bahon ruwa,
in jira kumfa ta tona asirin ƙusa.
Iyakar karatuna ke nan, kuma ya riƙe mani gida.

Mannir ya zo mani yana ɗan sha huɗu.
Uwarsa, Tabawa, ta riƙo hannunsa tun daga Sabuwar Unguwa,
ta ce, "Malam Bishir, ga amana."
Yaro mai hannu.
Kwana uku ya iya ɓare taya ba tare da ya ciji baki ba,
ga dariya kamar an zubar da tsaba a faranti.

Gwangwanin sholisho da wata guda yake yi mani.
Sai ya koma sati biyu.
Sai kwana biyar.
Na zargi zafin bazara,
na zargi mai shago a 'Yar Kutungu,
har na ce kamfani ne ya rage awo.
Ban zargi tsumman da ke naɗe a hannun rigarsa ba.

Ƙuraje suka yi wa bakinsa zobe, na ce zazzaɓi ne ya fito.
Haɓo ya ɓalle mashi ana sallar La'asar, na ce rana ce.
In aike shi sayen bawul, ya dawo da ƙosai,
ya tsaya yana kallona kamar ni ne baƙo.
Harshe ya yi nauyi,
hannun nan mai kyau ya fara rawa a kan famfo,
tuwon da nake rage mashi, ƙudaje ke gode mani.
Ni da nake gano hujin da bai kai bakin allura ba,
yaro na sacewa a gabana, ban ji sautin iskar ba.

Ranar wata Talata na zagaya bayan tulin tsofaffin tayoyi.
Yana tsugune, tsumma a hanci, ido ya juye.
Na daka mashi tsawa.
Tsawa ɗaya, wallahi, ko hannu ban ɗaga ba.
Ya zabura, ya yi taku bakwai zuwa bakin kwalta,
ya faɗi kamar rigar da ta zame daga igiya.

A asibiti likita ta cire tabarau ta ce,
"Baba, abin nan yakan bar zuciya a kan siraɗi.
Firgita kaɗan, gudu kaɗan, sai ta rikice ta tsaya.
Wani a shaƙar farko ma yake tafiya.
Wanda ya daɗe kuwa, ƙwaƙwalwa yake ci, da hanta, da ƙoda, da ji."
Ta ce ba laifina ba ne.
Na ji ta. Har yau ina jin ta, maganar ba ta kama ba,
kamar facin da aka ɗora kan roba mai ƙura.

Tabawa ba ta zage ni ba.
Da ta zaga, da na samu abin riƙewa.
Takalmansa kawai ta tambaya.

Yanzu gwangwanin a aljihuna yake kwana,
ni ke buɗewa, ni ke rufewa,
in kau da kai in warin ya taso.
Sabon yarona, Sagiru, yana ganin rowa ce.
Jiya na zaunar da shi kan rim, na ba shi labarin duka,
a hankali, murya ƙasa ƙasa,
don na daina tsawa.

Da yamma na tsoma wani tiyub a ruwa.
Kumfa ta taso, ɗaya, ɗaya, ɗaya.
Mai babur ya ce, "Malam, ga hujin nan, me kake jira?"